Muhawara: Kinas ɗin da kalsiyam ke tayarwa, wa suke liƙa wa fosfet da gaske a cikin sel?

Ɗalibar_Biokem:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina rubuta babin nazarin ayyukan baya na digirina na biyu, a kan enzayim ɗin kinas (enzayim masu liƙa wa wasu furotin fosfet don su canja aikinsu) waɗanda kalsiyam ke tayarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, jerin furotin da aka ce CaMKII, ɗaya daga cikin waɗannan kinas, yana liƙa wa fosfet ba ya ƙirguwa da yatsu, har da kesin na madara da histon a ciki, alhali MLCK, wani kinas ɗin na tsoka, an ce furotin ɗaya tak yake taɓawa. Me ya kawo wannan bambanci? Na biyu kuma, malamin da ke duba aikina ya ja layi a kan rabin jerin nawa, ya ce aikin kwalba ne, wato a kwalbar gwaji kawai aka gani, ba a cikin sel mai rai ba. Ni kuwa a ganina, in dai an nuna furotin ya karɓi fosfet daga kinas, to ai makarɓinsa ne, ko a kwalba ko a ina. Ku taimaka mini da fahimtarku.

Malam_Enzayim:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki yana da gaskiya, amma bari mu faro daga tambayar farko.

Kinas ɗin da ke jiran kalmodulin, furotin ɗin da ke kai musu saƙon kalsiyam, kashi biyu ne. Akwai masu aiki ɗaya. MLCK yana liƙa fosfet a Ser19 (wato amino asid serin da ke gurbi na 19) na ƙaramar sarƙar miyosin, da haka tsokar jijiyar jini da ta hanji da ta mahaifa ke tsukewa. Fosforilas kinas, wanda ya fito daga aikin Edmond Fischer da Edwin Krebs a tsakiyar shekarun 1950, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1992, yana taɓa Ser14 na gilaikojin fosforilas don a farfasa gilaikojin a samu sukari. Sai eEF2 kinas, wanda a da ake kira CaMKIII, shi kuma Thr56 na eEF2 yake nema, ya rage saurin haɗa furotin. Waɗannan ba gurbin da za a liƙa fosfet ɗin kaɗai suke dubawa ba, suna bukatar siffar furotin ɗin gaba ɗaya ta dace da su.

Kashi na biyu su ne CaMKI da CaMKII da CaMKIV. CaMKII abin da ya fi nema shi ne arjinin a gurbi na uku kafin serin ko tiriyonin, abin da ake rubutawa R-X-X-S/T. Wannan gajeren tsari yana cikin dubban furotin. Shi ya sa jerin ya yi tsawo.

Yanzu ga inda na saɓa da ke. A kwalbar gwaji ana zuba enzayim mai yawa, a zuba ATP mai yawa, a ba su lokaci, babu fosfatas da zai cire abin da aka liƙa, babu fatar sel da za ta raba su. Kamar baƙi biyu ne da ruwan sama ya tara a zaure ɗaya, dole su gaisa, amma hakan bai mai da su maƙwabta ba. Kesin a madara yake, CaMKII na ƙwaƙwalwa ba zai taɓa haɗuwa da shi ba.

Ɗan_Benci:
Ina bayan Malam. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma na yi irin wannan aikin da hannuna lokacin da na je horo a waje. Histon da kesin da guntun nan syntide-2 ba don ana zaton su ne makarɓa na gaskiya ake zuba su ba. Ana sa su ne don a ga ko enzayim ɗin da aka tace yana da rai. Za ka jera kwalabe biyu a kan ƙanƙara, ɗaya da kalsiyam, ɗaya da EGTA mai kame kalsiyam, ka ɗiga ATP mai ɗauke da fosfet 32, ka jira, ka gudanar da jel, ka ɗora fim a ɗaki mai duhu. Washegari sai ka ɗaga fim ɗin a gaban fitila: baƙin layi mai kauri a ƙarƙashin kwalbar kalsiyam, ɗayar kuma fari fat. Abin da layin nan ya faɗa maka kawai shi ne enzayim ɗin yana bukatar kalsiyam. Bai ce komai a kan abin da ke faruwa a cikin sel mai rai ba.

Ɗalibar_Biokem:
Na gode Malam, na gode Yaya Ɗan_Benci. Amma to ai duk wani makarɓi na gaskiya ma daga kwalbar aka fara gano shi. Ina ne ake jan iyaka?

Sabon_Shiga_200L:
Ku yi haƙuri da katsalandan, aji biyu nake. Ni na san kalsiyam da ƙashi da haƙori. Yaya aka yi ya zama mai tayar da enzayim?

Malama_Fiziyo:
@Sabon_Shiga_200L tambayarka a kan hanya take, ɗana. Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake, haka ne. Ɗan ragowar shi ne na aika saƙo. A cikin sel da ke hutawa, kalsiyam ɗin da ke yawo bai wuce kimanin nanomola 100 ba, a waje kuwa ya haura milimola 1, wato ya ninka na ciki fiye da sau dubu goma. Da zarar an buɗe ƙofa kaɗan sai ya kwararo ciki, sel ya san an taɓa shi. Mai karɓar saƙon shi ne kalmodulin, ƙaramin furotin mai amino asid 148 da gurabu huɗu na riƙe kalsiyam, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano, kowa a nasa ɓangaren, a 1970. In ya cika da kalsiyam sai ya canja siffa, ya kama kinas ɗin, ya janye guntun da ke toshe masa baki.

Mai_Nazarin_Jijiya:
Ni ina ganin an mai da hankali kan masu karɓar fosfet an manta da rabin tambayar, wato abokan riƙo. A wurin CaMKII wannan rabin ya fi ba ni sha'awa.

Ku duba yawansa. A hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da tuna abubuwa, an auna shi ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari na dukkan furotin da ke wurin. Enzayim ba ya bukatar wannan yawan don ya liƙa fosfet, kaɗan ma ya isa. To me yake yi da yawa haka? Sannan ba shi kaɗai yake zama ba, guda 12 ne ke haɗuwa su yi zobe biyu, ɗaya bisa ɗaya. In kalmodulin ya kama maƙwabta biyu a zoben, sai ɗaya ya liƙa wa ɗan'uwansa fosfet a Thr286, daga nan ya ci gaba da aiki ko da kalsiyam ya sauka. A 1998 Giese da abokan aikinsa sun sauya wannan gurbi ɗaya a ɓeraye, ɓerayen suka kasa koyon hanya a gwajin ruwa, ƙarfafar mahaɗar jijiyoyinsu ta lalace. Ke nan makarɓin CaMKII da aka fi tabbatarwa shi ne CaMKII kansa.

Sai riƙon da yake yi wa wutsiyar GluN2B, sashen ƙofar NMDA wadda kalsiyam ɗin ke shigowa ta cikinta. Bayer da Schulman da abokansu sun nuna a 2001 cewa wannan riƙo kaɗai yana barin enzayim ɗin a buɗe. A 2023 kuma ɗakin gwajin Bayer a Kolorado ya fitar da aikin da ya ce abin da ake bukata don fara ƙarfafa mahaɗa shi ne riƙon GluN2B, ba liƙa wa wasu furotin fosfet ba, kuma amfanin Thr286 shi ne ya sauƙaƙa wannan riƙon. Ɗalibar_Biokem, in kika rubuta babi a kan makarɓa kika bar wannan, babin bai cika ba.

Malam_Enzayim:
A yi hattara da aikin 2023 ɗin nan, Dakta. Aiki ne mai kyau, amma ya dogara da magani mai zama a gurbin ATP, kuma farkon ƙarfafawar ya duba. Bai share makarɓan CaMKII na mahaɗar jijiyoyi, irin su SynGAP da stargazin da GluA1, daga lissafi ba. Ba a rufe maganar ba tukuna.

Mai_Nazarin_Jijiya:
Ban ce an rufe ba Malam. Amma GluA1 ɗin da ka ambata ma ai shi ne misalin matsalar. Ser831 ɗinsa CaMKII yana taɓawa, wani kinas ɗin mai suna PKC ma yana taɓawa. A 2015 rukunin Hayashi a Japan suka auna suka ce ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai na GluA1 ke ɗauke da fosfet a wurin, a 2016 rukunin Huganir a Amurka suka mayar da martani da nasu awon suka ce ya fi haka nesa ba kusa ba. Gurbin da kowa ke koyarwa a aji ke nan fa, har yanzu ana jayayya kan yawansa.

Likitan_Zuciya:
Bari in kawo na ɓangarenmu, don mu a asibiti sakamakon muke gani. A tsokar zuciya nau'in delta ne ya fi yawa cikin nau'o'in CaMKII huɗu. Makarɓa biyu ne kowa ya sani: fosfolamban a Thr17, wanda ke sakar wa famfon SERCA mara ya mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa da sauri, da kuma ƙofar RyR2 a Ser2814, wadda ke sakin kalsiyam ɗin daga ma'ajiyar. In CaMKII ya yi yawan aiki, ƙofar nan sai ta riƙa yoyo tsakanin bugu da bugu, daga nan bugun zuciya ya rikice. Abin lura a fosfolamban shi ne, gurbin da ke manne da Thr17, wato Ser16, na wani kinas ne daban mai suna PKA. Amino asid biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne da kinas ɗinsa. Wanda ya yi gwaji da antibodin da bai bambance su ba zai ɗora wa wani aikin wani.

Ƙari a kan maganar Malama_Fiziyo: a 2008 an nuna cewa iskar oksijin mai ɓarna tana iya taɓa Met281 da Met282 ta bar enzayim ɗin a buɗe bayan kalsiyam ya wuce. Don haka ganin fosfet a RyR2 ba kullum yake nufin kalsiyam ya hau a lokacin ba.

Abu_Famasi:
To ai hanya mai sauƙi tana nan. A zuba KN-93, sinadarin da ake danne CaMKII da shi, in fosfet ɗin ya ɓace to CaMKII ne. Takardu da yawa haka suke yi.

Ɗan_Benci:
A'a ɗan'uwa, kar ka ɗora ta a kan wannan hanya. KN-93 yana danne CaMKI da CaMKIV ma, yana toshe wasu ƙofofin kalsiyam da na fotasiyam, kuma a 2019 an nuna cewa kalmodulin ɗin kansa yake kamawa. In ka kame kalmodulin ka taɓa abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Ko KN-92 da ake sakawa don kwatanci bai warware duka matsalar ba.

Abu_Famasi:
Na ji. Amma mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da kuɗin ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gado, da me zai yi aiki? Ba kowa ne ke Jamus ba.

Ɗan_Maraɗi_Agro:
Salamu alaikum daga Nijar. Tun ɗazu ina jiran wani ya ambaci tsirrai. Ku mutanen asibiti kun ɗauka kinas na kalsiyam a ƙwaƙwalwa da zuciya kawai yake. Tsirrai suna da nasu, CDPK, kuma ba ya jiran kalmodulin, don a jikinsa aka haɗa masa sashe mai kama da kalmodulin, kalsiyam yana kama shi kai tsaye. A waken soya aka fara bayyana shi a 1987, aka fitar da ƙwayar gadonsa a 1991. Ƙaramin tsiron nan na gwaji, Arabidopsis, yana da guda 34.

Makarɓansu da aka tabbatar sun shafi abin da manomi ke fama da shi. A dankalin Turawa, CDPK4 da CDPK5 suna liƙa fosfet a Ser82 da Ser97 na RBOHB, enzayim ɗin da ke fitar da sinadarai masu ƙuna lokacin da cuta ta kawo hari. A 'yan ƙofofin ganye, CPK6 da CPK21 da CPK23 suna buɗe SLAC1, ƙofofin su rufe, tsiro ya adana ruwa lokacin fari. A 2017 aka nuna CPK10 da CPK30 da CPK32 suna taɓa NLP7, wanda ke sanar da tsiro cewa naitiret ya samu a ƙasa.

Abin da ya shafi tambayar Ɗalibar_Biokem kai tsaye shi ne, su 34 ɗin nan sashen da ke liƙa fosfet ɗinsu ya yi kama da juna sosai, a kwalba kusan abu ɗaya suke so. Bambancin yana kan guntun farkon furotin ɗin. Da yawansu ana maƙala musu kitse a wurin, ya manna su a fatar sel. A tabar sigari an musanya wannan guntu na NtCDPK1, sai ikon gane makarɓinsa RSG ya bi guntun. Wato inda enzayim yake zaune da wanda yake riƙe da shi su ne ke yanke hukunci.

Malama_Fiziyo:
Madalla da wannan, Malam na Maraɗi. Haka abin yake a dabbobi ma. Nau'in beta na CaMKII yana riƙe zaren aktin, alfa ba ya yi sosai, kuma CaMKIV a cibiyar sel ya fi zama, shi ya sa shi ake dangantawa da CREB, furotin mai kunna ƙwayoyin gado, a Ser133.

Injiniyan_Ban_Ruwa:
Ni ba fannina ba ne, amma gonakin rani da muke aiki a kansu wasu sun fara yin farin gishiri a sama. An ce mini akwai wani tsari na kalsiyam da ke taimaka wa tsiro jure gishiri. Shi ne wannan CDPK ɗin?

Ɗan_Maraɗi_Agro:
A'a Injiniya, wannan dangi ne na daban, CBL da CIPK. Shi CIPK ba ya kama kalsiyam da kansa. CBL ne ke kamawa, sannan ya riƙe CIPK ya ja shi zuwa fatar sel. Wanda aka ba ka labari shi ne tsarin SOS da ɗakin gwajin Jian-Kang Zhu ya bayyana: SOS3 ya ji kalsiyam, ya tayar da SOS2, shi kuma ya liƙa wa SOS1 fosfet, SOS1 ya riƙa fitar da sodiyam waje. Arabidopsis yana da CBL 10 da CIPK 26. CIPK23 kaɗai, tare da CBL1 ko CBL9, yana buɗe AKT1 don shan fotasiyam, kuma yana taɓa Thr101 na NRT1.1 mai ɗaukar naitiret. Amma sanin wannan ba zai maye gurbin magudanar ruwa mai kyau a gonar ba.

Mai_Wake:
Tunda an shigo gona, ga misalin da ni nake ganin ya fi kowanne amsa tambayar "ina ake jan iyaka".

Duk wanda ya taɓa tuge wake mai ƙoshin lafiya a tsakiyar damina ya ga 'yan ƙululun da ke manne a saiwarsa. Ka wanke ƙasar, ka tsaga ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne kamar nama to ƙwayoyin rizobiya suna ciki suna kamo naitirojin daga iska. In fari ne ko kore, ba ya aiki. Kafin ƙululun nan ya fito, kalsiyam yana hawa da sauka a jere a cibiyar sel ɗin gashin saiwa, kuma mai karanta wannan hawa da saukar shi ne kinas da ake kira CCaMK. Abokin riƙonsa kuma makarɓinsa shi ne CYCLOPS.

Ga yadda aka tabbatar, a tsiron Lotus, ɗan'uwan wake. An nuna su biyun suna zaune tare a cibiyar sel. An gano gurabun, Ser50 da Ser154. An toshe gurabun, tsarin ya tsaya. Sannan a 2014 rukunin Parniske a Munik suka sauya gurabun biyu da amino asid mai kwaikwayon fosfet, sai saiwa ta fitar da ƙululu babu rizobiya, har a tsiron da ba shi da CCaMK ɗin ma. Ka cire enzayim, ka ba makarɓin abin da enzayim ɗin zai ba shi, aiki ya ci gaba. Ni wannan nake kira hujja. A Lotus da Medicago aka yi yawancin aikin, amma ga ƙasashe biyu da suka fi kowa noman wake a duniya, Nijeriya da Nijar, ya kamata ɗalibanmu su san shi.

Ɗalibar_Biokem:
Yaya Mai_Wake, wannan ya buɗe mini ido. To in na fahimta, sai an ga suna wuri ɗaya, an san gurbin, an cire kinas fosfet ya ɓace, sannan sauya gurbin ya canja wani abu a jikin halittar?

Malam_Enzayim:
Kusan haka, kuma ba sabon ma'auni ba ne, Krebs da Beavo sun tsara irinsa tun 1979. Amma sharaɗinki na uku yana da rami. Sau da yawa za ki cire kinas fosfet ɗin bai ɓace ba, saboda wani ya rufe gurbin. Thr172 na enzayim ɗin AMPK, kinas ɗin LKB1 yana taɓa shi, kinas ɗin CaMKK2 ma yana taɓawa, a 2005 aka tabbatar da na biyun. Ser133 na CREB da Malama ta ambata, PKA ma nasa ne. Ser59 na SLAC1, CPK6 da wani kinas ɗin mai suna OST1 duk suna kai masa. Akasin haka ma yana faruwa: ki cire CaMKK, fosfet ya ɓace daga wani furotin, ki ce kin samu makarɓi, alhali CaMKI ne ko CaMKIV ke taɓa shi, shi CaMKK tayar da su kawai yake yi. Shi ya sa kwalbar ma ba a jefar da ita, ita ce ke nuna taɓawar kai tsaye ce.

Ɗalibar_Biokem:
Ashe dai kwalbar tawa tana da ranarta.

Mai_Bin_Sauro:
Na makara, amma ba zan bari a tashi ba a ambaci zazzaɓin cizon sauro ba, tunda Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Ƙwayar Plasmodium tana da CDPK irin na tsirrai, falciparum yana da guda 7, mutum kuma ba shi da ko ɗaya. Wannan ne ya sa masu neman magani suka zuba musu ido.

Na taɓa kallon abin a madubin likita kuma ba na mantawa. Ka ɗiga jini mai ɗauke da gametosait, wato namiji da macen ƙwayar waɗanda sauro ke ɗauka, a gilashi, ka bar shi ya huce daga zafin jiki, ka jira minti goma zuwa sha biyar. Sai ka ga wani sel da ke kwance shiru ya fara girgiza, zarurruwa suna fitowa daga jikinsa suna bulala, jajayen ƙwayoyin jinin da ke kewaye suna ta motsi. Namijin ne yake fitar da 'ya'yan maniyyi takwas, abin da ke faruwa a cikin sauro ke nan bayan ya sha jini. Oliver Billker da abokansa sun nuna a 2004, a ƙwayar da ke kama ɓeraye, cewa in babu CDPK4 wannan ba ya faruwa, cutar ba ta wucewa ta sauro. A 2010 kuma aka nuna CDPK5 ne ke ba ƙwayar damar fasa jan sel ta fito.

Kan tambayar makarɓa, CDPK1 darasi ne. A kwalba ya liƙa wa MTIP da GAP45 fosfet, sassan injin da ƙwayar ke kutsawa cikin jan sel da shi, aka daɗe ana ganin ba za ta rayu a jini ba sai da shi. A 2018 aka samu cire shi daga falciparum, ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa a jini, inda ta gaza shi ne matakin shiga sauro.

Abu_Famasi:
@Mai_Bin_Sauro to an samu maganin ne?

Mai_Bin_Sauro:
Ba wanda ke kanti tukuna. Akwai sinadaran gwaji da ake kira BKI. Dabarar ita ce, a bakin gurbin ATP akwai amino asid mai tsaron ƙofa. A yawancin kinas na mutum babba ne, a CDPK1 na Toxoplasma, wata ƙwayar cuta 'yar'uwar Plasmodium, gilaisin ne, mafi ƙanƙanta, a CDPK4 na Plasmodium kuma serin. Sai a ƙera sinadari mai ƙusumbi wanda ba zai shiga namu ba amma zai shiga nasu. Wannan dabarar ta ƙaramin mai tsaron ƙofa, wadda Kevan Shokat ya fito da ita, ita ce kuma ake bi don kamo makarɓa: a ba enzayim ATP mai ƙusumbi mai alama, duk furotin da ya fito da alamar daga hannunsa ta fito. Rukunin Brochet a Janeba sun haɗa irin waɗannan hanyoyi a 2017 suka fitar da furotin da suka raɗa wa SOC, makarɓan CDPK4.

Ɗan_Benci:
Komawa ga tambayar Abu_Famasi ta ɗazu kan mai ƙaramin ƙarfi, don ba a amsa masa ba. Gaskiya ce mai ɗaci. A wani wuri da na yi aiki, wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta bai tashi ba, muka dawo muka tarar da firiza ta narke, antibodi masu gane fosfet da aka yi watanni ana jiran isowarsu duk sun tashi aiki. Amma akwai abin da ɗalibi zai iya da kwamfuta kawai. A 2023 an wallafa taswirar abin da kinas 303 na mutum masu taɓa serin da tiriyonin suke so a kewayen gurbi. Za ka iya ɗaukar gurbi ka ga waɗanne kinas ne suka fi dacewa da shi.

Mai_Nazarin_Jijiya:
Taswirar nan da gajerun guntayen furotin aka yi ta, Ɗan_Benci. Ita ma kwalba ce, babba dai. Ba za ta gaya maka CaMKII yana manne da GluN2B ba, ba kuma za ta nuna maka abin da Malam na Maraɗi ya faɗa kan guntun farkon CDPK ba.

Ɗan_Benci:
Haka ne Dakta, amma tana rage jerin waɗanda za ka kashe kuɗi a kansu.

Sabon_Shiga_200L:
Malama, shi kalmodulin ɗin kansa ana lissafa shi cikin abokan riƙo ko kuwa?

Malama_Fiziyo:
Shi ne ma na farko, ɗana. Kuma riƙon nasa iri-iri ne. A MLCK yana zuwa ne in kalsiyam ya hau, ya tafi in ya sauka. A fosforilas kinas kuwa zaunanne ne, Philip Cohen a Dandi ta Sikotlan ya gano a 1978 cewa sashen delta na enzayim ɗin kalmodulin ne da kansa, ba ya rabuwa da shi ko babu kalsiyam. A CaMKII, bayan an liƙa fosfet a Thr286, ƙarfin riƙon yana ninkawa kusan sau dubu, kalmodulin ya maƙale ya daɗe bai saki ba. In kuma ya saki aka liƙa fosfet a Thr305 da Thr306, to ba zai iya komawa ba sai an cire.

Ɗalibar_Biokem:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Zan raba jerin nawa gida uku: waɗanda aka gani a kwalba kawai, waɗanda aka gani a sel, da waɗanda aka sauya gurbinsu a dabba ko tsiro aka ga sakamako. Abokan riƙo kuma su samu nasu sashen. Abin da ban sani ba shi ne inda zan sa GluA1.

Malam_Enzayim:
Gida na uku. An yi ɓerayen da aka toshe wa Ser831 tare da Ser845 tun 2003, kuma an ga tasiri a ƙwaƙwalwarsu.

Mai_Nazarin_Jijiya:
Gurabu biyu aka toshe tare a wancan aikin Malam, kuma Ser845 na PKA ne. Da aka toshe Ser831 shi kaɗai daga baya, ƙarfafar mahaɗa ba ta lalace ba. Ni da zan sa shi a gida na biyu, in rubuta dalilin a ƙasa. Ƙanwata, ki kai wa malaminki duka hujjojin biyu ki ji wanda zai karɓa, sannan ki tambaye shi ko yana so ki haɗa da PKC, tunda nau'o'insa na asali su ma kalsiyam suke jira, ba mu ko taɓa makarɓinsa MARCKS da abokin riƙonsa RACK1 ba a nan.